Rasuwar Ɗiyar Gwaggo, Fulawar Katangarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta ƙi zama wuri ɗaya tun ranar Talata, ni Lailatu Malam Mati ta unguwar Ƙofar Guga, a madadin kaina da iyayena, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk mai bin lungunmu rasuwar fulawar gidanmu, wadda aka fi sani da Ɗiyar Gwaggo. Ta rasu a jikin katangar da ta rayu a kanta, tana da shekara shida da wata huɗu, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk wanda ya san ni ya san ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuta. Baba zai manna takardar nan a ƙofar zaure, maƙwabciyarmu Hajiya Rashida kuma za ta ɗauki hotonta a waya ta tura wa matan unguwa. Ina roƙon a daure a karanta har ƙarshe, domin akwai roƙo a ciki, kuma lokaci ya ƙure mini.

Marigayiya irin fulawar nan ce mai ƙaya, mai hawa bango, wadda furenta yake shara-shara kamar takarda. Masu sayar da fulawa a bakin titi suna da wani dogon suna da suke kiran irinta da shi, ni dai harshena bai taɓa iya shi ba. Asalinta daga gidan Gwaggo Hindu ne, yayar Baba, can kusa da hasumiyar Gobarau. Shekarar da Gwaggo za ta koma Fatakwal wajen ɗanta, ta kira ni ta yanko mini reshe ɗaya daga jikin tata fulawar, tsawonsa bai fi taƙi biyu ba, ba ganye ba fure, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma. Bayan tafiyarta aka rushe ɗakunan ƙasa na gidan aka gina na bulo, aka shafe tsakar gida da siminti, aka sare uwar. Don haka marigayiya marainiya ce tun tana 'yar wata uku, kuma iya sanina a lokacin ita kaɗai ta rage a zuri'arsu.

Masu cewa in je in sayo wata, na gode, amma ba ku lura da ita da kyau ba. Furenta yana fitowa ruwan goro, in ya kwana uku ya koma ruwan hoda, in zai faɗi ya yi fari-fari, sai a ga launi uku a reshe ɗaya. Na leƙa na bakin titi ta tagar mota sau da yawa, ban ga irinta ba. Ko da na gani ma, ba hannun Gwaggo ne ya yanko ta ba.

Ranar da Gwaggo ta ba ni reshen, ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, "Abu biyu zan hwaɗa miki, Laila, ki buɗe kunnenki. Na ɗaya, kar ki shagwaɓa ta da ruwa. Wannan ɗiyar wahala ce, sai ta ji ƙishi take hure. Buta biyu Litinin, buta biyu Alhamis, ko kuka kika ji tana yi ki ƙyale ta. Na biyu, duk wanda ya roƙe ki reshe, ki yanko ki ba shi. Ni ma roƙa na yi aka ba ni."

Na riƙe na farko shekara shida ban yi fashi ba. Na biyun zan zo kansa.

A shaida, marigayiya mai haƙuri ce. Sati uku ta yi a ƙasa kamar busasshen icce, Inna har ta ce in cire kar wani ya yi tuntuɓe, sai ga wani ɗan kore kamar ƙwayar gero ya ɓullo a gefe. Na ɗaure mata igiyar shanya daga ƙasa zuwa kan katanga, ta bi ta a hankali, ba ta taɓa neman wata hanya ba sai da ta kai sama. Daga nan ta rabu biyu. Rabi ya kwanto kan kwanon ɗakina ya yi mini inuwa a inda nake zama ina ɗinkin hula, rabi ya tsallake ya leƙa lungu. Ta rufa wa katangarmu asiri, domin akwai tsagewa babba a jikinta da ba wanda ya sake gani tun shekara ta biyu. A tsakiyar bazara, lokacin da kowane ganye a unguwar nan yake sunkuyar da kai, lokacin ne ita take cika da fure har a rasa ganin ganyenta. Awakin lungu sun gwada ta sau ɗaya, ba su sake ba.

Ba za a ce ba ta da laifi ba. Ta kama babbar rigar Baba sau biyu, na biyun ranar Juma'a ce yana sauri. Tana zubar da fure safe da yamma, Inna tana shara tana mita. Ni kaina hannuwana duk tabon ƙayarta ne. Mun yafe mata duka.

Ba mai yawan magana ba ce, wataƙila shi ya sa muka shaƙu. In iska ta taso, rassanta suna goga kwano suna cewa ƙirr, ƙirr, kamar mai son shigowa amma kunya ta hana shi sallama. In furen da ya bushe ya taru a gindin bango, iska tana jan shi a ƙasa yana cewa shaa, shaa. Da hantsi kuma ƙudan zuma ne suke yi mata magana, zuuu, har azahar. Iyakar abin da na taɓa ji daga gare ta ke nan, kuma ya ishe ni hira.

Saboda ita aka daina kiran gidanmu gidan Malam Mati tela, aka koma cewa gida mai fulawa. Masu kwatance da ita suke yi. Ƙawayen amare suna tsayawa a lungu su ɗauki hoto a ƙarƙashinta, ina jin dariyarsu ta bayan katanga, ina murna ni kaɗai.

Yanzu maganar Gwaggo ta biyu. Mutane sun yi ta sallama suna roƙon reshe, mata da 'yan mata, har da wani dattijo da ya zo sau uku. Ni kuwa da na ji an ce ana sallama da mai fulawa, sai in shige ɗaki in saki labule. Inna ta gaji da kira, sai ta riƙa cewa mai ita ba ta kusa. Kunya ce, amma ba kunya kaɗai ba ce. Ba na iya ɗora mata wuƙa. Shekara shida ban ba kowa ko reshe ɗaya ba. Na san wasu suna karya daga ɓangaren lungu, domin nakan hau turmi in ga wurin da aka karya ya yi fari. Raina yakan ɓaci. Sau ɗaya har na ce Allah ya isa a zuciyata. Ina sanar da duk wanda abin ya shafa cewa na janye wannan magana, na janye ta gaba ɗaya.

Ga yadda ciwon ajalinta ya faro. A farkon bazarar bana yayata Zulaihat ta haifi tagwaye a Malumfashi, aka ce in je in zauna da ita har ta yi arba'in. Na yi niyyar gaya wa Inna ƙa'idar ruwan. Na je bakin madafa sau biyu, na tsaya, na dawo. Ina ni ina tsara wa Inna aiki, buta kaza ranar kaza, kamar wata ƙanwata? Baba kuwa ko tunanin tunkararsa da maganar fulawa ban yi ba. Sai na ce a raina, ai ɗiyar wahala ce, kwana arba'in ba zai kashe ta ba. Na ba ta ruwa sosai ranar tafiya, na tafi ban ce wa kowa komai ba.

Da na dawo, tun daga bakin lungu na ga sama fayau a inda ya kamata in ga launi uku. Na shiga gida ban ajiye jaka ba. Ba ganye ko ɗaya a jikinta. Gindinta ya zama taɓo, yana wari irin na kwata. Na sa hannu na tona, na tarar da saiwoyinta sun yi baƙi, sun yi laushi, suna rabuwa a yatsuna kamar taliyar da ta wuce wuta.

Kwana tara na yi ina jinyarta. Na kwashe taɓon da kwano, na zuba yashi busasshe. Kowace safiya ina kankare ɓawonta da farce, reshe bayan reshe, ina neman kore. Na samu a wuri uku, sai ya koma biyu, sai ɗaya, can ƙasa kusa da gindi. Ranar Talata da hantsi na kankare wurin, na ga ya zama ruwan ƙasa. A lokacin na tabbatar.

Sanadin ciwon bai fito ba sai ranar Laraba, da Hajiya Rashida ta shigo yi mini gaisuwa. Ta tarar da Inna, da Fatu mai nono, wadda take sauke ƙwaryarta a inuwar marigayiya kullum in ta shigo gari daga rugarsu. Baba yana bakin ƙofar ɗakinsa yana sa takalmi.

Bayan an gaisa Hajiya ta ce, "Wallahi Lailatu abin nan ya ɗaure mini kai. Ni dai ban yi mata fashi ko na kwana ɗaya ba. Da Innarku ta tahi Islamiyya nake zuro tiyo ta kan katanga, sai na ga ruwa ya kwanta nake kashewa."

Inna ta ajiye tsintsiya ta ce, "Hajiya, ke ma? Ni hwa duk ruwan wanki da na wanke-wanke nan nake juye mata. Na ga ganyen ya yi rawaya, na ce kewar Laila ce da zahi, na ƙara mata."

Baba ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ce, "Mi? Ku ma kuna ba ta? Ni da na maido alwalata nan, sau biyar a rana, har ina ƙara buta guda don lada?"

Fatu ta gyara zama ta ce, "Ni kam alhamdu lillahi, ruwa ban ba ta ba. Abinci na ba ta. Kashin shanu sabo, da ɗuminsa, daga garken maigidana. Sau uku ina tona gindinta ina binne mata, don ta yi ƙiba kahin uwar ɗakinta ta dawo."

Hajiya Rashida ce ta fara dariya, har tana riƙe ciki, tana cewa mutum huɗu sun taru sun kashe marainiya da alheri. Inna ta kama, Fatu ta kama. Ashe kowannensu ɓoyewa yake yi, don kar a ce babba da shi yana hidimar fulawa. Kowa in ya ga ƙasa a jiƙe sai ya ce nasa ne na ɗazu bai gama shanyewa ba. Da suka juyo suka ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Na gaya musu maganar buta biyu Litinin da Alhamis, murya ƙasa-ƙasa. Baba ya dube ni ya ce, "To ke, mi ya hana ki hwaɗi?"

Gaskiya ya faɗa, laifin nawa ne. Don haka ina roƙon kada kowa ya zargi waɗannan bayin Allah huɗu. Ba su ba ta komai ba sai abin da ya fi daraja a wurinsu a tsakiyar bazarar Katsina. Wadda ta san ƙa'ida ta tafi da ita Malumfashi a bakinta.

Marigayiya ta rasu ta bar ni. Ta bar igiyar shanyar da ta hau, wadda ta shige cikin jikinta har ba a iya raba su. Ta bar kurciyoyi biyu da suka yi sheƙa a kanta, yanzu sheƙar tana fili kowa yana gani. Ta bar ƙudan zuma da suke zuwa har yau da hantsi, su zagaya su koma. Ta bar tsagewar katanga, wadda ta fito ta ƙara faɗi. Ta bar tsintsiyar Inna ba aikin kirki. 'Ya'ya kuwa, a hannuna ba ta bar ko ɗaya ba, kuma kun ji dalili.

Ta kuma bar Gwaggo Hindu, wadda ba ta sani ba har yanzu.

Gwaggo tana kiran wayar Baba duk Juma'a da yamma. In sun gama gaisawa sai ta ce a ba ta Laila, kuma tambayarta ɗaya ce: "Ina ɗiyata? Ta yi hure?" Juma'ar da ta wuce na ce mata tana nan a wurinta. Ba ƙarya na yi ba, tana nan a wurin, amma na kasa cin abinci bayan nan. Gwaggo za ta zo Babbar Sallah, saura kwana ashirin da huɗu, kuma rabonta da Katsina shekara shida. Idonta ya yi rauni. Ta ce ba ta damu da ganin launin ba, a dai shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashi ta ji furen yana faɗo mata a jiki. Ta ce gidanta ya tafi, uwar fulawar ta tafi, wannan ce kaɗai abin da ya rage a garin nan da ya fito daga hannunta.

Ba zan yi mata ƙarya ba. Zan gaya mata da bakina cewa ɗiyarta ta rasu. Abin da nake so kawai shi ne in iya ƙarawa da cewa ta bar baya, in kama hannunta in ɗora a kan ɗan ganye ko guda ɗaya ne. Reshe yana ɗaukar sati uku kafin ya nuna kore. Na ƙirga kwanakin a yatsu, na sake ƙirgawa, kwana uku ne kawai suka yi saura a kai. Don Allah kada wanda ya tura wa Gwaggo hoton takardar nan, ko wani na kusa da ita.

Tun Talata ban zauna ba. Na matsar da kujerata sau huɗu ina neman inuwa, babu. Hular da ke hannuna na warware layi ɗaya sau uku. Yau Alhamis na cika buta biyu da safe ban sani ba, na je na tsaya a gabanta, na dawo da su a cike. Ina shiga ɗaki, ina fitowa, ina hawa turmi ina leƙa lungu, ban san abin da nake nema ba. Iska ta taso ɗazu, rassan suka ce ƙirr a kan kwano kamar da, har na amsa.

Ga roƙona. Duk wanda ya taɓa karyar reshe daga katangarmu, ya dasa ya kama, to jinin marigayiya yana gidansa. Ba sata ya yi ba. Haƙƙinsa ya ɗauka, wanda Gwaggo ta ce in ba shi na hana. Ina roƙonsa ya yanko mini reshe ɗaya, mai kaurin ɗan yatsa, wanda ya fara tauri, tsawon taƙi biyu, ya naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma. Ba zan tambayi ranar da aka karya ba.

Akwai kuma wani gida da nake so takardar nan ta isa. Ranar da na dawo daga Malumfashi, mai keke ya bi da ni ta Ƙofar Kwaya. A wani lungu bayan mai injin niƙa na hango gida mai shuɗiyar ƙofa, fulawa ta leƙo ta kan katangarsa. Na ga ruwan goro, na ga ruwan hoda, na ga fari-fari, duk a reshe ɗaya. A lokacin murmushi kawai na yi, ban san abin da ke jirana a gida ba. Ban san sunan masu gidan ba. In wani ya san su, ya gaya musu 'yar uwarsu ta rasu.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan sallar la'asar, a gidan Malam Mati tela, Ƙofar Guga. Baba zai sauke ta daga katanga da adda, ni zan riƙe igiya. Ba za a yi salla ba, Baba ya ce ba a yi wa icce. Ba kuma za a sa ta a murhu ba, Inna ta yi alkawari, ko da yake na ga tana kallon rassan. Za a sassare su a yi ɗan shinge da su a kewaye ramin da ta fito, domin ƙayarta ta tsare duk wanda zai gaje ta daga awaki. Za a cika ramin da yashi da tsohuwar ƙasa, a bar wurin yana jiran magaji.

Masu zuwa gaisuwa kada su zo da ruwa. Hajiya Rashida ta yi alkawarin naɗe tiyonta, Baba ya mayar da alwalarsa bakin rariya, Fatu ta ce nono kawai za ta riƙa kawowa. Na rubuta ƙa'idar da gawayi a jikin katanga, da manyan baƙaƙe, inda kowa zai gani: buta biyu Litinin, buta biyu Alhamis.

Za a karɓi gaisuwa daga la'asar zuwa magariba. Ba Inna ce za ta amsa sallama ba. Ni zan tsaya a zaure da kaina, duk wanda ya ce yana neman mai fulawa zan ce ga ni. In Allah ya sa wani reshe ya kama, duk mai so ya zo bayan shekara, wuƙa tana hannuna.

In kuma aka kira magariba masu shuɗiyar ƙofa ba su zo ba, to su saurari baƙuwa ranar Asabar da hantsi. Ban taɓa yin sallama a gidan da ban sani ba. In sun ji murya ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa, kamar reshe yana goga kwano, don Allah su amsa da wuri, kafin in juya. Na riga na goge mayafina, na kuma jiƙa tsumma.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kawo Gwaggo lafiya.

Sanarwa daga Lailatu Malam Mati, Ƙofar Guga, Katsina.